Faifan Don Williams a adakar Baba: me ya kawo shi iyakar Bagudo, kuma mece ce darajarsa a yau?

Ranar 8 ga Satumba, 2017, wani dattijo ɗan shekara 78 ya mutu a birnin Mobile na jihar Alabama a Amurka. Mawaƙi ne mai sanyin murya, wanda da wuya a gan shi ba tare da wata tsohuwar hula mai faɗin baki ba. Sunansa Don Williams. Da labarin ya iso Najeriya, sai shafukan Facebook da Twitter suka cika da jimami, kuma da yawa daga masu jimamin iyayensu suke tunawa: safiyar Asabar, ana wanke babur ko ana goge takalmi, muryar mutumin nan tana fitowa daga falo a hankali kamar mai ba da shawara.

A wancan zamani muryar tana da mazauni, wato baƙin faifai na roba mai faɗin tire, a cikin kwali mai hoto. Da yawa daga cikin faya-fayan sun fashe, wasu yara sun yi wasan gare da su, wasu an rufe tulu da su. Amma akwai ragowa. A Bagudo da Kaoje da Illo, kamar a sauran garuruwan Arewa da suka yi tsofaffin malaman makaranta da ma'aikatan kwastam da direbobin manyan motoci, wanda ya buɗe adakar mahaifinsa zai iya cin karo da su a ƙarƙashin tsofaffin takardun albashi: Don Williams da hularsa, Jim Reeves da kwat ɗinsa, Dolly Parton da tulin gashinta, Kenny Rogers da farin gemunsa.

Shekara ashirin da suka wuce babu mai cewa wannan abin rubutu ne. Yanzu lamarin ya sauya. Ƙungiyar kamfanonin waƙa ta Amurka ta bayyana cewa a 2022 an sayar da faifan garmaho kimanin miliyan 41 a ƙasar, yayin da faifan CD ya tsaya a miliyan 33. Rabon da garmaho ya wuce CD a yawan ciniki tun 1987. Tsohon kaya ya dawo kasuwa, masu tarawa sun yawaita, kuma wasunsu sun daɗe suna zagaya Afirka ta Yamma suna neman abin da ke cikin adakoki irin ta Baba. Don haka matashin da ya gaji irin wannan kaya, ko yake sha'awar fara tara faya-fayan mawaƙin da yake ƙauna, yana bukatar sanin abin da ke hannunsa tun kafin wani ya zo ya yanka masa farashi.

Faifai iri uku ne

Kalmar garmaho ta samo asali daga sunan na'urar da Emile Berliner ya yi wa rajista a Amurka a 1887. Kakanninmu sun san ta a matsayin akwatin da ake wanawa da hannu, a ɗora masa allurar ƙarfe. Faifanta yana juyawa sau 78 a minti, an yi shi da wani irin ƙaro da ake samu daga ƙwari a Indiya da maƙwabtanta, yana da nauyi, kuma idan ya faɗi sai ya tarwatse kamar tangaran. Kowane gefe bai cika wuce minti uku ba.

A 1948 kamfanin Columbia ya fito da babban faifai na roba mai faɗin inci 12, mai juyi 33 da sulusi a minti, wanda kowane gefensa ke ɗaukar kimanin minti ashirin. Shekara guda bayan haka RCA Victor ya fito da ƙarami mai inci 7 da juyi 45, waƙa ɗaya a kowane gefe. A duka ukun, sautin yana kwance ne cikin siririn layi guda ɗaya da ya nannaɗe daga baki zuwa tsakiya. Allura tana bin layin tana karkarwa, na'ura kuma tana mayar da karkarwar sauti. Shi ya sa duk ƙarzanen da faifai ya samu sai kunne ya ji shi, har abada.

Wannan bambanci yana da amfani ga mai tarawa. Don Williams ya fitar da kundinsa na farko shi kaɗai a 1973, a lokacin an daɗe da daina buga mai juyi 78. Duk faifansa na gaske ko babba ne ko ƙarami. Idan kuma aka ga mai nauyin nan a cikin adaka, to ya girmi sauran, kuma shi ya fi cancanta a fara dubawa.

Me ya haɗa mu da kiɗan kaboyi?

Kiɗan karkarar Amurka, wanda ake kira kantiri, ya taso ne a kudancin ƙasar a tsakanin manoma da makiyaya da ma'aikatan ma'adinai, cibiyar kasuwancinsa kuma birnin Nashville ne a jihar Tennessee. A ƙarshen shekarun 1950 masu shirya waƙa a can suka tausasa shi, suka rage kukan goge, suka ƙara 'yan amshi masu taushin murya, domin ya shiga kunnen mutanen birni. Wannan tausasasshen salo shi ne ya ƙetaro teku. Jagoransa Jim Reeves ya je Afirka ta Kudu a 1962, ya mutu a hatsarin jirgin sama ranar 31 ga Yuli, 1964, amma faya-fayansa sun ci gaba da ciniki shekaru masu yawa. A 1966, shekara biyu bayan mutuwarsa, wata waƙarsa ta hau matsayi na ɗaya a Ingila. Wannan muhimmi ne, domin kasuwar waƙar Najeriya ta wancan lokaci a ɗaure take da ta Landan. Abin da ya karɓu a can, shi kamfanoni ke turowa nan. Don Williams ma, wanda aka haifa a Floydada ta jihar Texas a 1939, ya yi kasuwa ƙwarai a Ingila a tsakiyar shekarun 1970.

To amma turo kaya daban, karɓarsa daban. An turo mana kiɗe-kiɗe da yawa da ba su zauna ba. A ganina abin da ya zaunar da wannan shi ne yadda ya dace da kunnen da ya saba da Narambaɗa da Ɗanƙwairo da Shata, inda magana ita ce sarauniya, kiɗa kuma bafadenta. Mawaƙin kantiri labari yake bayarwa, da Turanci a hankali, wanda ɗan aji uku na kwalejin horon malamai zai iya bi. Kuma labarin na aure ne da haƙuri, da uwa, da talauci, da gona, da doguwar hanya, da roƙon Ubangiji. Magidanci zai iya sa shi a gaban 'ya'yansa ba tare da ya ji kunya ba. Don Williams ya fi kowa wannan hali. Ba ya ihu, ba ya tsalle, yakan zauna a kan kujera da jita yana waƙa kamar mai hira. Waƙoƙinsa 17 ne suka hau matsayi na ɗaya a jadawalin kantiri na Amurka, kuma a 1997 ya je Harare ta Zimbabwe ya yi wasa, aka naɗi tafiyar a bidiyo.

Akwai kuma wata tsohuwar dangantaka da ba a cika faɗa ba. Banjo, ɗaya daga kayan kiɗan da aka gina kantiri a kansu, bayin da aka kwasa daga Afirka ta Yamma ne suka samar da shi a can, kuma ɗan uwan gurmi ne da molo. Matasan da suka ga Beyoncé ta fitar da kundin kantiri a 2024, ko suka ga Shaboozey, ɗan asalin Najeriya da aka haifa a Amurka, ya yi mako 19 a saman babban jadawalin waƙoƙin ƙasar a wannan shekarar, su sani cewa muhawarar wa ke da kiɗan nan ta girmi iyayensu.

Sai batun kuɗi, domin so kaɗai ba ya sayen garmaho. A 1974 kwamitin Jerome Udoji ya miƙa wa gwamnatin Janar Yakubu Gowon rahotonsa, aka ƙara wa ma'aikata albashi, aka kuma biya su bashin watanni a dunƙule. Kuɗin man fetur ne, kuma da yawa daga cikinsa ya tafi a babur da rediyo da babban akwatin nan na katako mai haɗe da garmaho, wanda ake shimfiɗa wa kyalle a falo. Shirin bautar ƙasa da aka fara a 1973 ya kawo matasan Kudu ƙauyukan Arewa da kayansu, shirin ilimin firamare kyauta na 1976 kuma ya yawaita malamai masu albashi. Gidajen rediyo, daga Kaduna zuwa Rima a Sakkwato har zuwa Muryar Amurka, suna sa waƙoƙin. Wanda ya ji a rediyo ya ji daɗi, idan ya je birni sai ya nemi faifan.

Iyaka mai masana'anta biyu

Nan ne Bagudo ta bambanta da Funtuwa ko Gusau. Ƙaramar hukumar tana ƙuryar yammacin jihar Kebbi, Kogin Kwara ya ratsa ta, kuma tana iyaka da jihar Alibori ta Jamhuriyar Benin. Daga Tsamiya ana fuskantar Segbana, daga Lolo kuma ana fuskantar yankin Malanville, inda ɗaya daga manyan kasuwannin arewacin Benin take, daura da Gaya ta Nijar. Layin da ya raba su yarjejeniyar Ingila da Faransa ta 14 ga Yuni, 1898 ce ta haife shi, wadda ta tsaga ƙasar Borgu biyu, Illo ta faɗo ɓangaren Ingilishi, Nikki ta faɗa na Faransawa. Dandawa da Fulani da Busawa da Kyangawa da Hausawa suna zaune a kowane gefe, suna auratayya, suna cin kasuwannin juna.

A shekarun 1970 kowane gefe na wannan layi yana da masana'antar faifai. A Legas akwai EMI da Decca da Phonogram, waɗanda suke naɗar mawaƙan gida, suna kuma buga faya-fayan waje bisa lasisi. Dokokin mayar da kamfanoni hannun 'yan ƙasa na 1972 da 1977 sun shigar da 'yan Najeriya cikinsu, har Cif MKO Abiola ya zama jigo a Decca. A Kwatano kuma akwai Satel, mai ɗakin naɗa da injin bugawa, da kuma Albarika Store, wanda yakan kwashi makaɗansa, ciki har da shahararriyar ƙungiyar Poly-Rythmo, ya kai su ɗakin naɗar EMI a Legas. A Paraku, babban birnin arewacin ƙasar, ƙungiyar Super Borgou tana waƙa da Barbanci da Dandanci, harshen da ake ji a kasuwannin Lolo da Kamba. Bayan haka tashar jiragen ruwan Kwatano ta zama ƙofar da kayan Turai ke bi su shigo Najeriya ta bayan gida, har masana biyu na Benin, John Igué da Bio Soulé, suka rubuta littafi a 1992 suna kiran ƙasar tasu rumbun ajiya.

Ma'anar wannan ga mai tarawa ita ce, adakar da ke garin iyaka tana iya haɗa abin da adakar Kano ba ta haɗa ba. Faifan Don Williams ɗaya yana iya zama bugun Amurka, wani na Ingila, wani na Legas, wani kuma ya biyo ta hannun Faransawa. A gefensu kuma ana iya samun ƙananan faya-fayan Benin da suka shigo a jakar falke ko a kayan amarya, tare da na Shata da Ɗanmaraya Jos. Mai adakar bai yi nufin kafa gidan tarihi ba. Abin da kunnensa ke so ya saya.

Sannan komai ya tsaya, kuma siyasa ce ta tsayar da shi. Farashin mai ya faɗi, gwamnatin Shehu Shagari ta kawo dokar tsuke bakin aljihu a Afrilun 1982, aka taƙaita shigo da kaya. Robar da ake buga faifai da ita daga waje take zuwa. A Afrilun 1984 gwamnatin soja ta Janar Muhammadu Buhari ta rufe iyakokin ƙasa yayin canjin kuɗi, ba a buɗe ba sai 1986. A shekarar ce kuma shirin SAP na Janar Ibrahim Babangida ya karya darajar naira, wadda a farkon shekarun 1980 ta fi dala. A daidai wannan lokaci kaset, wanda Philips ya fito da shi tun 1963, ya cika kasuwa. Yana da araha, yana aiki da batir, ba ya tsalle a mota, kuma kowa na iya kwafarsa. Dokar haƙƙin mallaka ta 1988 ta zo bayan satar fasaha ta riga ta ci kasuwar. Manyan kamfanonin suka tattara nasu ya nasu, EMI ya koma Ivory, Polygram ya koma Premier. Garmaho ya shiga adaka, Don Williams ya koma kaset, daga baya ya koma katin waya a hannun masu tura waƙoƙi a bakin tasha. Wanda ya duba shekarun da ke jikin faya-fayan mahaifinsa zai lura yawancinsu sun tsaya a farkon shekarun 1980. Tarihin tattalin arzikin ƙasar ke nan a rubuce a bayan kwali.

Gaskiyar farashi

Ga maganar da ba za ta yi wa wasu daɗi ba: faifan Don Williams na yau da kullum ba zai sa kowa ya yi arziki ba. An buga su da yawan gaske, kuma a shagunan gwanjo na Ingila ana sayar da su fam kaɗan. Haka na Jim Reeves da Kenny Rogers. A wannan kasuwa shahara ba ta cika ɗaga farashi ba. Abin da ke ɗaga shi ƙarancin kaya ne, da lafiyar faifan, da yawan masu nema. Wanda ya ga labarin dawowar garmaho ya ɗauka ya tsinci dami a kala, to ya sassauta.

Duk da haka mai tarawa na gaske yana da abin nema, kuma a nan daɗin sana'ar yake. Yakan fara da takardar da ke manne a tsakiyar faifai, inda sunan kamfani yake. Kundayen Don Williams na farko sun fito ne daga wani ƙaramin kamfani mai suna JMI, kafin ya koma ABC da Dot, sannan MCA a ƙarshen shekarun 1970. Don haka kundin farko mai tambarin JMI ya girmi irinsa mai tambarin wani kamfani, ko da hoton kwalin iri ɗaya ne. Sai ya duba ƙananan rubutun da ke gefen takardar da ƙasan kwali, inda ake faɗin ƙasar da aka buga shi. Daga nan sai ya karkata faifan ga haske ya dubi santsin da ke tsakanin ƙarshen waƙa da takardar tsakiya. A nan akwai lambobi da haruffa da aka zana, waɗanda ke nuna farantin ƙarfen da aka buga shi da shi. Da waɗannan lambobi ake neman faifai a Discogs, shafin intanet da aka kafa a 2000, wanda ya zama babban kundin masu tarawa a duniya. Shafin yana nuna mafi ƙarancin kuɗin da aka taɓa sayar da faifai a cikinsa, da matsakaici, da mafi tsada. Duk mai wayar hannu a Kaoje zai iya dubawa kyauta.

Bugun Najeriya na mawaƙin waje yana da nasa matsayi. Sau da yawa kwalinsa bai kai na Turai kauri ba, amma ba a buga shi da yawa kamar na can ba, kuma ƙura da zafi sun cinye mafi yawansa. Ga wanda ke son haɗa duk wani bugu na mawaƙi ɗaya, irin wannan shi ne mai wuyar samu. Ga mu kuma shaida ce cewa ƙasar nan ta taɓa ƙera abin da yanzu sai dai ta yi odarsa.

Inda kuɗin yake kuwa, a maƙwabtan Don Williams ne cikin adakar. Tun farkon shekarun 2000 masu neman tsofaffin faya-fayai daga Turai da Amurka suke shigowa Benin da Najeriya da Ghana, suna da dillalai a garuruwa, suna saye da yawa a dunƙule. Wani ƙaramin faifan Kwatano ko Paraku da ba a buga da yawa ba, ko wani kundin Legas da bai yi kasuwa a zamaninsa ba, yana iya kai ɗaruruwan daloli idan yana da lafiya. Samy Ben Redjeb, mai kamfanin Analog Africa a Jamus, ya fitar da tarin waƙoƙin Benin da Togo a 2008, sannan a 2012 ya fitar da kundi guda na Super Borgou. Kamfanin Luaka Bop na Amurka ya sake fitar da waƙoƙin William Onyeabor na Inugu a 2013. A wannan shekarar Sahel Sounds ya buga waƙoƙin finafinan Hausa a faifan garmaho da sunan Harafin So. Har kantirin Afirka ma ya samu shiga: kundin da Jess Sah Bi da Peter One na Kwaddibuwa suka yi a 1985 an sake fitar da shi a Amurka a 2018.

Adalci ne a faɗi cewa wasu daga cikin waɗannan kamfanoni sun nemi mawaƙan ko iyalansu, sun sayi izini, sun kuma dawo da sunayen da gida ya manta. Ba don su ba, da matasan Paraku da yawa ba su ji kiɗan kakanninsu ba. Amma tsakanin kamfani mai neman izini da dillalin da zai tsaya a ƙofar gida ya ce a ba shi buhun duka a kuɗin cefanen kwana biyu, akwai tazara. Dillalin zai nuna Don Williams yake so, domin shi kowa ya sani. Idonsa kuwa yana kan ƙaramin faifan da ba shi da ko kwali. Kuma rufe iyaka ba ya hana wannan ciniki. An rufe ta daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 ya sake dagula zirga-zirga a yankin, 'yan bindiga sun addabi dazukan ɓangarorin biyu, amma hoto a WhatsApp da ɗan aike a mota sun isa.

Doka ma ba ta tare hanya ba. Dokar hukumar gidajen tarihi ta 1979, wadda ta hana fitar da kayan tarihi ba da izini ba, ta fi mayar da hankali ga abin da aka ƙera kafin 1918 ko wanda aka yi amfani da shi a bukukuwan gargajiya. Faifan 1975 bai shiga wannan layi ba. Ni ban ga laifin magajin da ya sayar da kayansa ba, musamman a wannan tsadar rayuwa. Abin da ke damuna shi ne a sayar cikin rashin sani, kuma a sayar ba a bar kwafi ba. Kamfanonin da suka naɗi waƙoƙin nan sun watse ko sun sauya hannu, kuma ba kowane asalin tef ne ya tsira ba. Ko a Amurka, gobarar da ta tashi a ma'ajiyar Universal a 2008 ta cinye ɗimbin asalin naɗe-naɗe, har da na kamfanonin ABC da MCA. Idan haka ta faru a can, to faifan wani makaɗin Dandi da ke cikin adaka a Illo yana iya zama ɗaya daga kwafi kaɗan da suka rage a duniya.

Akwai misalin da jihar Kebbi za ta iya dubawa. A ƙasar Gini, shirin ceto ma'ajiyoyi na Babban Ɗakin Karatu na Birtaniya ya ɗauki nauyin wani mai bincike, Graeme Counsel, wanda daga 2008 ya mayar da waƙoƙi sama da dubu tara na gidan rediyon ƙasar da kamfanin Syliphone zuwa kwamfuta. Ƙa'idar shirin ita ce asalin kaya ya zauna a ƙasarsa. Muna da Gidan Tarihi na Kanta a Argungu, da Cibiyar Tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato, da Gidan Arewa a Kaduna, ga jami'o'i a Birnin Kebbi da Aliero. Na'urar juya faifai mai kyau ɗaya, da kwamfuta ɗaya, da ma'aikaci ɗaya mai haƙuri, ba su kai kuɗin motar rakiya guda a ayarin babban jami'i ba. Matasan da ke bibiyar kasafin kuɗin jiha layi-layi suna iya tambayar ma'aikatar da ke kula da al'adu nawa ta ware wa adana sauti.

Kafin gwamnati ta farka

Yanayin Bagudo maƙiyin faifai ne. Zafin Maris zuwa Mayu yakan haura digiri 40, kuma robar da aka bari a ɗakin kwano ko a bayan mota takan lanƙwashe kamar ganyen da ya sha rana. Idan ta lanƙwashe da wuya ta miƙe. Ƙurar hunturu tana shiga layukan ta zama yashi a ƙarƙashin allura, damina tana kawo fumfuna, gara kuma kwali take so. A jera su a tsaye kamar littattafai, kada a ɗora wani kan wani, a ɗaga su daga ƙasa, a nisanta su da bango mai laima. Tsohon ɗakin ƙasa mai sanyi ya fi sabon ɗakin kwano. A riƙa kama faifai ta baki da tsakiya, kada yatsa ya taɓa layukan. Wajen wankewa, tataccen ruwa irin na batirin mota wanda ba a haɗa da asid ba, da kyalle mai laushi, ana bin zagayen layin, sun wadatar. Ban da kananzir, ban da fetur, ban da omo. Mai juyi 78 kuwa kada sinadarin sifirit ya kusance shi, domin narkar da shi yake yi.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne gwada faifan roba a tsohon garmaho mai allurar ƙarfe. Juyi ɗaya ya isa ya kashe shi. Haka allurar da ta daɗe ta dakushe tana cin layi a hankali, don haka wanda ya tayar da na'urar mahaifinsa ya fara da sauya allura. Mai sayen na'ura daga kayan gwanjo kuma ya duba bayanta. Wadda aka yi wa Amurka wutar 110 take sha, tamu kuwa ta ninka haka, kuma wasu tsofaffin injinan can sukan yi nawa a wutarmu ko da an sa musu abin rage ƙarfi, sai a ji muryar Don Williams ta ƙara kauri fiye da yadda Allah ya yi ta.

Kada kuma a goge rubutun biro da ke jikin kwali. A kasuwar Turai irin wannan rubutu rage farashi yake yi, amma iyayenmu sun saba rubuta sunansu da garin da suka saya da kwanan wata, wani lokaci har da hatimin kantin. Da shi ake gane ko faifan daga Sakkwato ya zo, ko daga Kaduna, ko ya ƙetaro ta Segbana. Idan mai adakar yana raye, a zaunar da shi bayan la'asar, a kunna na'urar naɗar murya ta waya, a miƙa masa faya-fayan ɗaya bayan ɗaya, a tambaye shi inda ya sayi kowanne, da nawa, da albashin wane wata, da kuma wanda ya ara bai dawo da shi ba.